Iskar Ko-ta-kwana: Yadda Mai Nutson Teku Zai Zaɓi Abin da Zai Kai Shi Sama

A arewacin Bahar Maliya, tafiyar 'yan sa'o'i a jirgin ruwa daga Sham El-Shek ta ƙasar Masar, akwai wani jirgin dakon kayan yaƙi na Birtaniya mai suna Thistlegorm. Tun watan Oktoba na 1941 yake kwance a ƙasan teku, bayan da jiragen saman Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai. Har gobe babura da manyan motoci na nan jere a cikinsa, kuma su ne ke jawo masu nutso daga ko'ina a duniya. Zurfin wurin ya kai wajen mita 30, ruwan kuma yakan yi ja sosai.

In ka zauna cikin jirgin da ke kai mutane can, ka bi kayan kowa da kallo, za ka ga kusan kowane mutum da wani tiyo mai ruwan ɗorawa maƙale a ƙirjinsa. Ka tambayi ɗaya: in iskarka ta ɗauke a can ƙasa, me za ka shaƙa? Da yawansu wannan tiyon za su nuna maka, suna murmushi. Alhali tiyon nan daga tukunyar iskar da ke bayansa ya fito, ita ɗin dai da muka ce ta ƙare. Na abokinsa ne, ba nasa ba. Nasa yana can a ƙirjin abokin nutsonsa, wanda wataƙila a wannan lokacin ya yi nisan mita goma sha biyar yana ɗaukar hoton babur.

Wannan jagora don wanda ya riga ya yi kwas ne ya karɓi katinsa daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin horar da masu nutso, PADI ko SSI ko BSAC ko CMAS ko makamantansu, yana nutson shaƙatawa da bai wuce mita 40 ba, a buɗaɗɗen ruwa. Shiga kogo da kutsawa can cikin ruɓaɓɓen jirgi wani karatu ne daban. Kuma abin da za a karanta a nan ba ya ɗauke wa kowa zuwa wurin malami.

Mataki na farko: wace matsala kake yi wa tanadi?

Kafin a je shago, a zauna a ware hanyoyin da iska ke yankewa, domin kowane kaya da irin ciwon da yake magani.

Regileta, na'urar da ke kawo iska daga tukunya zuwa bakinka, gida biyu ce. Akwai kai, wanda ake ɗaurawa a bawul ɗin tukunya. Shi ke karɓar iska mai matsin bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) ya sauko da ita zuwa wajen bar 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye da kai. Sai kuma baki, wanda kake cizawa, shi ke ba ka iska daidai da matsin zurfin da kake. Tsakaninsu tiyo. A wuraren haɗi kuma akwai ƙananan zobban roba da ke hana yoyo.

Baki na iya samun matsala: robar cizo ta yage, ko ya maƙale a buɗe ya yi ta fesar da iska ba tsayawa. Kai ma na iya lalacewa, zoben roba ya fashe, ko tiyo ya tsage. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tiyon da ke zuwa bakinka in ya fashe ya fi na geji, agogon da ke nuna iskar da ta rage, saurin kwashe tukunya, domin na geji ƙofarsa kamar kan allura take, shi kuwa wancan a wangale yake, cikin ɗan lokaci kaɗan zai zazzage ta tas. Akwai kuma bawul da ba a buɗe shi sosai ba: a saman jirgi numfashi lafiya lau, sai an kai mita 20 a ji kamar ana zuƙar kunu mai kauri da tsinken ciyawa.

Amma wadda ta fi duka yawa ba ta da alaƙa da lalacewar kaya. Mutum ne ya shagala bai duba geji ba har iska ta ƙare. A wani nazari da masu bincike na DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, suka wallafa a 2008, sun bi diddigin mutuwar masu nutso 947 tsakanin 1992 da 2003, suka tarar cewa cikin waɗanda aka gano mafarin abin, kashi 41 cikin ɗari daga ƙarancin iska matsalar ta faro. Wato kafin maganar sayen wani sabon abu, geji da ido su ne kan gaba.

Yanzu ka tambayi kanka, ba tare da yaudara ba. Da wa kake nutso? In matarka ce ko amininka da kuka saba, kuna tafe kafaɗa da kafaɗa a ruwa garau mai mita 12, tukunyarsa tukunyarka ce. In kuwa kai mai zuwa hutu ne shi kaɗai, a Jidda ko Hurgada ko Zanzibar, kullum a haɗa ka da baƙon da ba ka taɓa gani ba sai a jirgi, ko kuma kai mai kyamara ne da ke tsayawa minti biyar a kan kifi ɗaya ayari ya wuce ya bar ka, to a zahiri kai kaɗai kake nutso, ko da a takarda an rubuta ku biyu.

Mataki na biyu: auna numfashinka

Kowa da irin cinsa. Ga yadda za ka san naka. A nutso na gaba, ka tsaya a mita 10 daidai, ka duba geji, ka yi iyo irin na yau da kullum tsawon minti goma, ka sake dubawa. A ce tukunyar alminiyom ce irin wadda ta cika wuraren haya, mai lita 11, kuma allura ta sauka da bar 30. Bar 30 sau lita 11, lita 330 ke nan. Raba ta gida goma, lita 33 a minti. A mita 10 matsi ninki biyu ne na sama, don haka a raba biyu: lita 16 da rabi a minti. Wannan shi ne cinka in da a saman ruwa kake.

Yawancin mutane cikin natsuwa suna faɗawa tsakanin lita 15 zuwa 20. Sai dai wanda ya ja numfashi ya ji wayam a mita 30 ba ya cikin natsuwa. Zuciya na dukan uku-uku, ƙirji na sama da ƙasa, cin iska ya ninka ko ma ya fi. Saboda haka a lissafin ko-ta-kwana ni da lita 30 nake aiki a mafi ƙaranci. In aunawarka ta nuna 22 a kwance, to ka ɗauki 40 ko 45, kada ka ji kunya. Teku ba ta san kunya ba.

Mataki na uku: kuɗin motar komawa gida

Duk matafiyi mai hankali yakan ware kuɗin motar komawa ya soke a aljihun da ba ya taɓawa. Nan ma haka ne, sai dai da lita ake biya. Ƙa'idar ɗaya ce: a saman ruwa matsi bar 1 ne, kowace mita goma ta ƙara bar 1. A mita 30 bar 4 ne, don haka kowane numfashi yana cin ninki huɗu.

Mu koma gindin Thistlegorm, mita 30, da lita 30 a minti.

Ba nan take za ka tashi ba. Sai ka gane abin da ya faru, ka lalubo ɗaya bakin, ka fitar da ruwan da ke cikinsa, ka tattaro hankalinka, ka yi wa wani alama, wataƙila ka nemi igiyar da za ka bi. Ba wa wannan minti ɗaya: 30 sau 4, lita 120. Daga nan tashi zuwa mita 5 a hankali, mita 9 a minti, kusan minti uku ne. Tsakiyar tafiyar mita 17 da rabi ce, matsi bar 2.75, ya kama lita 248. Tsayawar kariya ta minti uku a mita 5, inda matsi yake bar 1.5, lita 135. Minti na ƙarshe zuwa sama, lita 38. Jimla lita 541.

Haka za ka yi wa kowane zurfi. Daga mita 18 abin zai kama wajen lita 350. Daga mita 40 kuwa ya haura lita 700. Sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, domin ragowar bar ashirin na gindin tukunya ba abin dogaro ba ne, regileta kan yi tauri a can, kuma ba kullum mai cika tukunya ke cika ta taf ba.

Wani zai ce, ai tsayawar mita 5 ba dole ba ce, a cire ta. Gaskiya ne, in ba ka ƙetare iyakar lokacin da kwamfutar nutsonka ta ba ka a wannan zurfin ba, kana iya wucewa sama kai tsaye, kuma in zaɓi ya zama tsakanin tsayawa da shan ruwa, wucewa za a yi. Amma wannan shawarar ranar tsautsayi ce. Ranar saye, me zai sa ka sayi abin da tun a takarda ya gaza?

Ga kuma wani abu da lissafin nan ke tonawa. In mutum biyu ne za su tashi da tukunya ɗaya daga mita 30, lita 541 sau biyu, lita 1,082. A tukunya mai lita 11 wannan kusan bar 100 ne. To, bar 50 ɗin da ake cewa a rage, wanda aka shafa wa jan launi a geji, lita 550 ce kacal. Ta mutum ɗaya ce. Duk wanda ya dogara da abokinsa a mita 30, dole su biyun su bar gindin teku tun allura tana kan 100. Wannan gyara ne da ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi kaya da yawa amfani.

Mataki na huɗu: abin da ke kasuwa, da wanda kowanne ya dace da shi

Tiyon ɗorawar nan da muka fara da shi, oktofus ake ce masa. Baki ne na biyu a kan kai ɗaya, tsawon tiyonsa wajen mita ɗaya. Kowane mai nutso ya kamata ya kasance da shi, ba a ma tattauna wannan. Yana ceton abokinka in tasa ta ƙare, yana cetonka in bakin da kake shaƙa da shi ne kawai ya lalace. Iyakarsa ke nan. In za ka saya, kada ka ce ai na ajiya ne bari in ɗauki mafi arha. Wanda zai sa shi a baki mutum ne a firgice, shi ya fi kowa bukatar iska mai zuwa da sauƙi. A kayan da aka ƙera bisa ma'aunin Turai za ka ga an buga EN250, in da harafin A a gaba, ma'anarsa an gwada regiletar da mutum biyu suna shaƙa a lokaci guda har zuwa mita 30. Ka nemi wannan harafin. Ka maƙala shi a gaba, tsakanin haɓa da ƙasan haƙarƙari, da abin riƙe da ke sakinsa da fizga ɗaya. Wanda ake bari yana jan ƙasa cikin yashi da murjani, ranar bukata yashi zai ba ka.

Akwai tsarin da ya samo asali daga masu shiga kogon ƙarƙashin ruwa a Fulorida ta Amurka: bakin da kake shaƙa da shi a kan dogon tiyo mai mita 2.1, ko 1.5 a buɗaɗɗen ruwa, na biyun kuma rataye a wuya da igiyar roba kamar laya. In wani ya zo ba iska, na bakinka za ka miƙa masa, kai ka sunkuyar da kai ka ɗauki na wuya. Hikimar ita ce, mai neman numfashi sau da yawa na bakinka yake wafcewa ko ka so ko ka ƙi, kuma shi ne wanda aka tabbata yana aiki a wannan daƙiƙar. Ina son tsarin nan ƙwarai. Sai dai shi ma raba iska yake sauƙaƙawa, bai ƙara maka ko lita ɗaya ba, kuma naɗa dogon tiyon yana bukatar a koya maka.

Sai wanda aka haɗa baki na biyu da abin hura rigar iska, rigar da ke daidaita shawaginka a ruwa, irin Air 2 na kamfanin Scubapro. Yana rage tiyo ɗaya, matafiya na sonsa saboda sauƙin kaya. Da shi dole na bakinka za ka bayar, don haka tiyon na bakin ya zama mai ɗan tsawo. Wahalarsa tana wurin tashi: abin da kake shaƙa da shi, shi ne kuma abin da kake sakin iskar riga da shi, ga mutum riƙe da kai. Ana iyawa, amma sai da atisaye. Mahaɗinsa ma ba irin na kowa ba ne, tiyon haya ba lalle ya shiga ba.

A tafkunan sanyi na Jamus da Suwizalan za ka ga bawul mai kai biyu a tukunya ɗaya, kowane da regiletarsa. Dalili shi ne a ruwan da bai kai digiri 10 ba regileta na iya daskarewa ta buɗe, sai a rufe ɓangarenta a koma ɗayar. Maganin lalacewar regileta ne, ba ya maganin ƙarewar iska, kuma sai in hannunka na kai wa bawul a bayan wuyanka. Mai nutso a Bahar Maliya ba ya bukatarsa.

Yanzu mu zo kan 'yar kwalbar nan mai bakin shaƙa a kanta, wadda aka fi sani da sunan Spare Air. Girmanta bai fi gorar ruwa ba, ana soke ta a gefen riga, ana cika ta daga babbar tukunya, kuma iskarta daban take, ba ruwanta da abin da ya sami kayanka. Abin sha'awa. Amma wadda aka fi saye ƙafa 3 kubik ce, wato lita 85. In kowane numfashi lita ɗaya da rabi ne, numfashi 57 ke nan a sama, a mita 30 kuwa 14. Da lissafinmu na lita 120 a minti, daƙiƙa arba'in da 'yan kai ce. Ɗora ta kusa da lita 541 ka ga tazara. Daga mita 10, tashi kai tsaye ba ya wuce lita 50, nan ta wadatar. Daga mita 18 da kyar, sai an yi sauri kuma ba tsayawa. Masu kare ta suna cewa da babu gara ba daɗi, kuma ban musa ba: numfashi goma sha huɗu na iya kai ka wurin abokinka. Tsorona shi ne mutumin da zai soke ta a ƙugu ya ji ya gama shiri, ya daina duba inda abokinsa yake. Wannan kallon kitse yake yi wa rogo.

Abin da ya rage shi ne ƙaramar tukunya mai cikakkiyar regiletarta da gejinta. Masu nutso foni suke ce mata, sunan ƙaramin doki ne, abin da mu muke kira ƙuru. Ita ce kaɗai a jerin nan da ke maganin dukkan matsalolin da muka lissafa a mataki na farko, ba tare da ka nemi kowa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ana sayar da ita girma-girma. A ma'aunin Amurka akwai mai ƙafa 13 kubik, lita 368. Mai 19, lita 538. Mai 30, lita 850. Mai 40, wajen lita 1,130. A Ingila an fi amfani da ta ƙarfe mai lita 3, wadda a bar 200 take ɗaukar lita 600.

Ka ɗora waɗannan a kan lissafinka, zaɓi zai fito da kansa. Mai 13 ta mita 18 ce, kuma ko can ba rara. Mai 19 tana kai wa mita 25 cikin kwanciyar hankali, a mita 30 kuwa daidai-wa-daida take, ba ta bar maka komai ba. Wanda ke yawan zuwa mita 30 zuwa 40, mai 30 ko 40 ce tasa. In aka ce in zaɓa wa mutum ɗaya ba tare da na san shi ba, mai 30 zan ce, domin bambancin nauyinta da mai 19 a cikin ruwa kaɗan ne, bambancin iskar kuwa fiye da lita 300. Mai yawan hawa jirgin sama da kayansa shi ne zai iya sauka zuwa 19, da sharaɗin ya san iyakar zurfinta ya kuma tsaya a kai.

Goyon tukunya biyu a baya, ko rataya ɗaya a kowane gefe, sun fi duk wannan wadata, amma kowanne kwas ne mai zaman kansa. In nutsonka ya kai inda foni mai 40 ba ta isa, ka riga ka fita daga nutson shaƙatawa.

Mataki na biyar: ina za ka rataye ta?

Hanya biyu ce. Ko a ɗaure ta jikin babbar tukunya a baya, ko a rataye ta a gaba ta gefen hagu da ƙugiyoyi biyu, ɗaya a zoben ƙirji ɗaya a na ƙugu.

Ta baya ba ta tare maka gaba, masu kyamara na jin daɗin haka. Amma ba ka ganinta, ba ka jin yoyonta, hannunka da wuya ya kai ga bawul ɗinta. Mafi muni, bakuna uku ne yanzu ke zagayowa daga bayanka, kuma an sha samun wanda ya shiga ruwa da bakin foni a bakinsa bai sani ba. Yana duba gejin babbar tukunya yana ganin allura ba ta motsi, yana murna. Bayan 'yan mintuna iska ta ɗauke, ya ɗauka babbar ce ta lalace, ya lalubi na ko-ta-kwana, ashe shi ne ya shanye. In dole sai a baya, to bakin foni ya bambanta da sauran a siffa da launi har ka iya gane shi ido a rufe, kuma gejinta ya zo gaba inda za ka gani.

Ta gaba ita nake ba da shawara. Bawul na ƙarƙashin hannunka, geji na gaban idonka, tiyo a naɗe jikin tukunyar da roba, fizga ɗaya ya fito. In ta kama, kana iya cire ta ka miƙa wa wani. A nan masu nutso sun rabu biyu: wasu na barin bawul a buɗe tun daga sama, wasu na buɗewa tiyo ya cika sannan su rufe, don kada iska ta sulale ba su sani ba. Kowanne da hujjarsa. Ga wanda bai daɗe da farawa ba, barinsa a buɗe da yawan leƙa geji ya fi, domin mai firgici ba ya tuna murɗa bawul. Wanda ka zaɓa dai, ka tsaya a kansa kullum, kada yau haka gobe haka.

Tukunyar da regiletarta za su ƙara maka nauyi a gefe ɗaya. Ka matsar da kilo ɗaya na dalmar da kake ɗaurawa don nauyi zuwa ɗaya gefen, ka gwada a ruwa marar zurfi har ka daidaita. Ka kuma duba mahaɗi: akwai mai zare da ake murɗawa cikin bawul, wanda ake kira DIN, akwai mai maƙala da ke kama bawul ta waje. Mai zaren ya fi riƙe zoben roba. Ka sa foni da babbar regiletarka su zama iri ɗaya, don in ɗaya ta ba da matsala a jirgi ka iya musanya.

Abin da ke ciki, da gwaji, da tafiya

Iskar cikin foni dole ta zama wadda za ka iya shaƙa a wuri mafi zurfi na nutsonka. Iska zalla ta fi sauƙi. Naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, mai oksijin kashi 32 iyakarsa wajen mita 33, wanda ya fi shi oksijin kuwa iyakarsa ta fi haka kusa, kuma wuce iyakar na iya jawo farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Ka auna, ka rubuta a jikinta.

Ƙaramar tukunya ma tukunya ce, dokar gwaji ta hau kanta. A Amurka ana gwajin matsi duk shekara biyar, ana leƙa cikinta duk shekara. Wasu ƙasashen da nasu jadawalin, kuma shagon kirki ba zai cika wadda hatiminta ya wuce lokaci ba. Regiletarta a kai ta sabis tare da babbar. A jirgin sama kuwa sai an zazzage ta an kwance bawul, yadda jami'an tsaro za su leƙa ciki. Ka tafi da sabon zoben roba na wuyanta, ka kuma tuntuɓi cibiyar nutson da za ka tun kana gida ko za su cika maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu ɗaya da ba a yi da foni: ba a sa ta cikin lissafin nutso. Ranar da ka ce bari in ƙara minti biyar ai ina da ƙaramar, ta tashi daga ko-ta-kwana ta zama kuɗin cefane.

Mataki na ƙarshe: atisaye

Ka fara a wurin wanka ko gaɓa mai mita uku, tare da malami ko abokin da ya ƙware. Cire bakin da kake shaƙa da shi, kana sakin ƙananan kumfa ba tare da ka riƙe numfashi ba, fizgo na foni, danna maɓallin fitar da ruwa, shaƙa, duba gejinta. Maimaita har hannu ya riƙa zuwa da kansa. Sannan ka yi ido a rufe. Sannan ka yi kana shawagi ba tare da ka taɓa ƙasa ba, domin yawanci a lokacin musanyar ne mutum ke mantawa da rigarsa ya sulale ƙasa ko ya yi sama. Riƙe numfashi yayin tashi na iya yaga huhu ko da tashin mita ɗaya ko biyu ne, kuma wannan haɗarin bai san kana da foni ba.

Bayan haka, sau ɗaya a 'yan watanni, ka tashi da ita daga mita 15 ko 18 da gangan, da tsayawar mita 5 da komai, abokinka na gefe, babbar tukunyarka na da iska. In ka fito ka duba nawa ta ci, ka kwatanta da abin da ka rubuta a takarda. Wanda ke son zurfafa wannan, PADI na da kwas na dogaro da kai, ƙungiyar SDI na da na nutso shi kaɗai, kuma dukansu sai mai nutso 100 a littafinsa suke karɓa.

A jirgi kuma, kafin a faɗa ruwa, ka ja numfashi uku ko huɗu daga kowane baki idonka na kan geji. In allura ta yi rawa, bawul bai buɗe sosai ba. Sannan ka juya ga wanda aka haɗa ku, ko da yau ka fara ganinsa, ka ce masa: "Malam, in na zo maka ba iska, wanne zan ɗauka, na bakinka ko na ƙirji? Ni ga nawa nan, ga kuma ƙaramar tukunya a hagu, bawul ɗinta a buɗe yake. In ɗayanmu ya kai bar 100 a ƙasa, mu kama igiya."